Me Ya Sa Sanƙarau Ke Zuwa da Bazara?

Tambaya: Duk bazara sai sanƙarau ya ɓulla mana. Mene ne dalili? Daga wata uwa, Darna Sabon Gari, Illela.

Amsa: Baiwar Allah, ƙurar hunturu da busasshiyar iskar da ke kaiwa har bazara ke gurje hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta samu ƙofar shiga jini. Cunkoso a ɗaki marar taga kuwa shi ke yaɗa ta. Kin dai tuna ɓarnar da ta yi a 2017 a Zamfara da Sakkwato. Tsakanin Illela da Ƙonni da ke tsallaken iyaka, cutar ba ta san iyaka ba.

Ki buɗe tagogi, a rage cunkoson kwana, a yi wa yara rigakafi. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuwa, asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.