Yadda Za Ka Mayar Da Wayarka Ko Fiyano Osileta Ta Biyu A Sintisaiza

Darasin yau na masu sha'awar haɗa kiɗa ne, amma ko ba ka taɓa shiga situdiyo ba ka daure ka karanta, domin wayar da ke hannunka ce za ta yi rabin aikin.

Wani abokina mai ƙaramin situdiyo a nan Gumel, wanda yawancin aikinsa waƙoƙin biki ne da tallan shaguna, ya sayi Arturia MicroBrute ta hannu bayan ya shafe watanni yana tara kuɗinta. Da ya jona ya danna, sai jikinsa ya yi sanyi. Sautin siriri ne, ba irin mai kaurin nan da ya ji a YouTube ba. Har ya fara cigiyar mai saye ko da faɗuwa zai yi. Na ce masa ya dakata, na'urar lafiyarta ƙalau, osileta ɗaya ce kawai a cikinta, kuma ta biyun tana aljihunsa.

Kada wani ya ɗauka kiɗan lantarki baƙo ne a yankinmu. Tun 1978 Mamman Sani ya naɗi faifansa a Yamai da ogan ɗin lantarki ƙirar Orla ta Italiya, rediyo da talabijin na Nijar suka daɗe suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, kafin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da faifan a 2013. A Enugu kuma William Onyeabor ya yi suna da irin waɗannan na'urori.

Mece ce osileta?

A sintisaiza ta analog sauti yana bi ta matakai uku. Osileta ce ke haifar da shi, ita ce ke kaɗa lantarki sau kaza a daƙiƙa, abin da ake aunawa da Hz. Daga nan ya shiga filta, wadda ke tace shi ta rage masa kaifi. Sai ya isa VCA, wadda za ka ɗauke ta kamar ƙofa: ka danna maɓalli ta buɗe, ka saki ta rufe. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, osileta ba ta yin shiru. Muddin na'urar na kunne tana ta kuka a ciki, ƙofar ce kawai ke hana ka ji. Riƙe wannan, don a kansa dabarar yau ta tsaya.

To me ya sa biyu suka fi ɗaya? Duk wanda ya tsaya kusa da fadar Gumel ranar hawan Sallah ya ji bambancin kakaki ɗaya da kakaki biyu da aka busa tare. Ba ƙarfi kaɗai ke ƙaruwa ba, sautin kansa yakan yi kauri yana wani lilo, saboda ba yadda za a yi mabusa biyu su daidaita ɗari bisa ɗari. Lissafin mai sauƙi ne: idan ɗaya na kan 440 Hz ɗayar na kan 442 Hz, za su riƙa haɗuwa suna rabuwa sau 2 a daƙiƙa. Wannan lilon shi ne kaurin da abokina ke nema. Minimoog da ta fito a 1970 osileta uku gare ta, shi ya sa har yau ake maganar sautinta.

MicroBrute, wadda ta fito a 2013, tana da abin murɗawa da ke ƙara sauti na ƙasa a kan na asali, amma daga osileta ɗayar nan ake ciro shi. Tare suke tafiya kamar mutum da inuwarsa, don haka ba ya ba da wancan lilon.

Kafin komai, duba na'urarka

Dole ta kasance tana da ramin shigar da sauti daga waje. A MicroBrute yana baya, da ɗan abin murɗawa kusa da shi na daidaita ƙarfi. A Moog Mother-32 ta 2015 da Behringer Crave ta 2019 an rubuta EXT AUDIO a jikin ramin, kuma da zarar ka soka kebul sautin wajen zai maye gurbin shuuu ɗin nan da ake kira noise, sai ka yi amfani da MIX ka gauraya su. Korg Monotron, 'yar ƙaramar nan mai batir AAA biyu, ita ma tana da ramin, sai dai ba ta da MIDI, don haka ba za ta iya gaya wa waya wane sauti aka danna ba. Roland SH-101 ta 1982 kuwa ba ta zo da ramin ba sam.

Abu biyu ake buƙata su yi tafiya: saƙon maɓallin da aka danna ya isa ga na'urori biyun, sannan sautin ta wajen ya dawo ya bi ta filta da ƙofar sintisaiza.

Hanya ta farko: fiyanon situdiyo

Kusan kowane situdiyo daga Kano zuwa Maigatari akwai fiyanon Yamaha jerin PSR, wanda a kansa kiɗan finafinan Hausa ya ginu. Idan naka yana da ramin MIDI mai ƙafa biyar, to ka huta. Ja kebul daga MIDI OUT na fiyano zuwa MIDI IN na sintisaiza. Ja wani daga inda sautin fiyano ke fita zuwa ramin shigar sauti. Zaɓi muryar Saw Lead, wadda a tsarin General MIDI ita ce lamba 82, ka kashe reverb da chorus da duk wani ado. Ɗanyen sauti muke so, filta ce za ta yi masa kwalliya. Yanzu ka buga a kan fiyanon, za ka ji su biyun suna fita ta baki ɗaya.

Wannan hanyar ta fi ta waya, in faɗa maka gaskiya, domin kusan babu jinkiri. Akwai ma gyara: in ka danna maɓallai uku, sintisaiza ɗaya za ta ɗauka, amma ukun fiyanon duk za su bi ta filtarta. Matsalarta guda, fiyano yana yanke sautinsa da ka ɗaga yatsa, don haka idan ka sa ƙofar sintisaiza ta riƙa rufewa a hankali, wutsiyar sautin za ta koma siririya. Ka gajarta Release. Sannan ƙananan PSR-E na baya-bayan nan USB kaɗai gare su, ba za su jonu kai tsaye da kebul mai ƙafa biyar ba.

Hanya ta biyu: wayarka

Android ta fara fahimtar MIDI tun sigar 6.0 a 2015, kuma MicroBrute tana aika abin da ka danna ta USB. Kana buƙatar kan OTG da ya dace da wayarka, da kebul na sauti daga ramin iyafis zuwa sintisaiza. A nan masu Tecno da Infinix da itel sun ci riba, don yawancinsu har yanzu suna da ramin iyafis daban. Mai waya da USB-C kaɗai sai ya nemi hub mai rami biyu. Bluetooth kuwa ka manta da shi, jinkirinsa ya yi yawa.

Kowace manhajar sintisaiza mai karɓar MIDI za ta yi, in ka buɗe filtarta gaba ɗaya, ka sa ta sauti ɗai-ɗai, Attack a sifili, Sustain a ƙarshe, Release mai tsawo. Ni dai na ga ya fi mini sauƙi in rubuta nawa shafin, bai kai layi ashirin na JavaScript ba. Burauzar Chrome tana da Web Audio, inda createOscillator ke ba ka osileta, ka sa mata nau'in sawtooth, wato mai siffar haƙoran zarto, ka kunna ta ka ƙyale ta tana kuka. Tana kuma da Web MIDI, inda requestMIDIAccess ke kawo maka lambar maɓallin da aka danna. Lamba 69 ita ce 440 Hz, kuma kowane ƙarin 12 yana ninka ta biyu, don haka 81 ita ce 880, 57 kuma 220. Shafin nawa ba ya ma sauraron saƙon sakin maɓalli, tunda ƙofar sintisaiza ce ke rufewa. Illar hakan ɗaya ce: in ka riƙe maɓalli biyu ka saki na ƙarshe, sintisaiza za ta koma kan na farko, wayar ta tsaya inda take.

Ga masu son gwadawa: dole shafin ya zauna a adireshin https, GitHub Pages na bayar da wannan kyauta, kuma sai an taɓa wani maɓalli a allon kafin Chrome ta yarda sauti ya fita. A iPhone Web MIDI ba ya aiki a burauza, sai dai manhaja.

Daidaitawa

Nan ne daɗin yake. Tazarar maɓalli zuwa maƙwabcinsa an raba ta gida 100, kowane gida sunansa cent. Fara da daidaita su biyun har lilon ya tsaya cak, sannan ka ɗaga ta wayar da cent 7. A kan 220 Hz wannan zai ba ka lilo kusan sau ɗaya a daƙiƙa, a kan 440 Hz kusan sau biyu. In ka haura 20 kunne zai fara jin kamar kuskure ne. Cent 1200 ƙasa zai ba ka bes mai nauyi, 700 sama kuma zai ba ka sauti biyu masu tafiya tare kamar mabusa biyu.

Osiletar analog tana jin zafi. Ka ba ta minti goma zuwa sha biyar bayan kunnawa kafin ka daidaita, kuma a Afrilu da Mayu, lokacin da zafinmu ke haura digiri 40, za ka ga ta zame tsakanin safe da azahar. Ta waya ba ta zamewa, don haka ita ce ma'auninka: sintisaiza za ka riƙa murɗawa ta dawo wajenta.

Abubuwan da suka ba mu wahala

Na farko kebul. Wanda muka fara saya kan mono gare shi a ɓangaren waya, mai zobe ɗaya, kuma irin wannan yana haɗe ɓangaren dama na sautin waya da ƙasa. Ka nemi mai zobe biyu a kan waya wanda ya rabu biyu a ɗaya gefen, ka soka guda ka bar ɗayan. In babu a garinku, masu zuwa Farm Centre ko Sabon Gari a Kano za su samo maka.

Na biyu gurnani. Muna kan janareta, wayar kuma na caji, sai wani huuum ya cika sifika. Wutarmu 50 Hz ce, ita ce ke kutsowa. Cire caja ya rage shi sosai. Akwai kuma siririn tsiwa da kan taso saboda USB da kebul na sauti sun haɗa na'urori biyun ta hanya biyu. Ɗan akwatin da ake kira ground loop isolator a kan kebul na sauti yana maganinsa.

Na uku, ka buɗe shafin sannan ka sa wayar a yanayin jirgin sama. A ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar inda sabis ke da rauni, waya na ƙara ƙarfin neman eriya, kuma wannan tit-tirit ɗin zai shiga rikodin ɗinka. Ban da haka, mu kiran mahaifiyar abokina ne ya ratso ta filta ana tsakiyar ɗaukar waƙar amarya.

Ƙarar waya kuma ka faro ta daga ƙasa kana ƙarawa, in ta yi yawa filta za ta shaƙe.

Jinkiri ne abin da ba ya gyaruwa gaba ɗaya. Ƙofar sintisaiza na buɗewa nan take, ita kuwa waya sai ta ɗan yi tunani, don haka a farkon kowane bugu kana iya jin ɓurɓushin sautin baya. Ƙara Attack kaɗan yana ɓoye shi, amma a kiɗa mai sauri fiyano ya fi. Haka kuma Glide da rawar LFO na sintisaiza ba sa kaiwa ga sautin osiletar waje, sai dai su taɓa ta a filta. Mai son wannan sai ya nemi osiletar analog ta gaske ya ja mata kebul daga ramin Pitch, inda kowane volt 1 ke ninka sauti biyu. Ka dai duba takardar na'urar tukuna, don Korg MS-20 da wani ma'auni daban take aiki, in ka haɗa su kai tsaye maɓallan ba za su faɗa daidai ba.

Abokin nawa a kan fiyano ya tsaya don bes, wayar kuma yana amfani da ita wajen dogayen sautuka na bayan murya, inda jinkirin ba ya fitowa.