Tsohon Itace A Cikin Gida: Yaushe Ya Kamata A Sare Shi?

Fataken da ke zuwa Ankara, babban birnin ƙasar Gana, sun san garin yana bakin teku, amma ba kowa ya san ƙarancin ruwan samansa ba. Abin da a ke samu can a shekara wajen inci 30 ne kawai, watau bai fi na Kano ba, alhali kuwa garin Aksim da ke yamma, a bakin tekun nan ɗaya, yana samun wajen inci 80. Saboda haka inuwa tana da daraja ƙwarai a Ankara. A unguwannin da Hausawa su ke da yawa, kamar Nima da Sabon Zango, gidan da ya ke da darbejiya ko mangwaro a tsakar gida, nan a ke hira, nan mata ke girki, nan yara ke karatun allo.

Darbejiyar nan, wadda a ke kira dogon yaro, baƙuwa ce. Daga wajen Indiya Turawa suka kawo ta Gana, kimanin shekara 100 ke nan, a Nijeriya kuwa an fara dasa ta a Barno cikin 1928. Itatuwan da kakanni suka dasa yanzu sun tsufa. To, mai gida ya kan rasa yadda zai yi: in ya sare, ya yi hasarar inuwar shekara 50, in ya bari, wataƙila wata rana iska ta kayar da itacen a kan ɗakin kwanan iyalinsa.

Abu na fari da ya kamata a sani shi ne, tsufa kaɗai ba dalilin sara ba ne. Akwai mangwaron da ya haura shekara 100 yana ba da 'ya'ya lafiya lau. Abu biyu ne in suka haɗu sara ta zama tilas: na ɗaya, ciwo a gindi ko a saiwa wanda ba ya warkewa, na biyu, akwai abin da itacen zai danne in ya faɗi, ko ɗaki, ko hanya, ko wurin zaman mutane. Ruɓaɓɓen itace a tsakiyar gona ba ya cutar kowa. Irinsa a kan rufin kwano hatsari ne.

Itacen bakin teku inda ruwa ya yi ƙaranci yana shan wuya iri uku. Da fari, fari ya kan kashe ƙananan saiwoyi, kuma ɓarnar ba ta bayyana a sama sai bayan shekara 2 ko 3. Na biyu, iskar teku tana ɗauke da gishiri, tana ƙona ganyen gefen da ke fuskantar ruwa, har itacen ya yi nauyi gefe guda. Na uku, cikin gari an matse shi. Yawancin saiwoyin itace ba su wuce ƙafa 2 zuwa 3 cikin ƙasa ba, amma su kan bazu har su zarce inuwarsa. Duk sa'ad da aka haƙa harsashin gini ko kwata kusa da gindi, an datse igiyoyin da ke riƙe da shi ke nan, in kuma an shafe tsakar gida da siminti an hana sauran shan ruwa.

Mai gida ya iya duba itacensa da kansa. Ya fara daga ƙasa. Idan itacen ya karkata kwanan nan, ƙasar bayansa kuma ta kumbura ko ta tsage, to, saiwoyi sun fara saki, ba sauran jira. Amma wanda tun yana ƙarami ya tashi a karkace don neman rana, ya riga ya yi saiwar da za ta ɗauki nauyinsa. Sa'an nan ya duba ko akwai wani tsiro irin laimar kwaɗi, mai tauri da faɗi kamar faifai, manne da gindin. Wannan alama ce ruɓa ta ci cikin itacen tun da daɗewa. Haka kuma gara: ita ba ta cika son ɗanyen itace ba, inda ta yi gini a jikin gindi, mai yiwuwa ne akwai mataccen wuri a ciki.

Daga nan sai ya ɗauki ƙotar gatari ya bubbuga gindin kewaye. Lafiyayyen wuri ba ya amo, mai kogo kuwa sai ya yi amo kamar ganga. Kogo ma ba kullum ne ya ke hukunta sara ba, gama ƙarfin itace a bangonsa na waje ya ke. Masanan daji suna da ma'auni: a auna daga tsakiyar gindi zuwa ɓawo, lafiyayyen bangon da ya rage kada ya gaza kashi ɗaya cikin uku na wannan. Misali, gindin da kaurinsa ƙafa 2 ne daga gefe zuwa gefe, daga tsakiya zuwa ɓawo inci 12 ke nan, lalle a sami bangon inci 4. In bai kai ba, ko kuwa kogon ya buɗe baki babba a gefe guda, itacen ba abin amincewa ba ne kusa da ɗaki.

Bayan wannan ya ɗaga kai sama. Inda gindi ya rabu biyu kamar gwafa, a duba tsakaninsu. In akwai tsaga, ko ruwa yana tsatsowa, wata rana zai dare. A kuma lura da yawan rassan da suka mutu. In sun kai rabi, musamman in mutuwar daga ƙoli ta faro tana sauka shekara bisa shekara, da wuya itacen ya farfaɗo. Sai dai kada a ruɗe da zubar ganye. Darbejiya ta kan kaɗe ganye in fari ya yi tsanani, ruwa na sauka ta sake tohowa. A kankare ɓawon ƙaramin reshe da wuƙa: in ƙarƙashinsa kore ne mai danshi, da ransa.

Sau da yawa sassabe ya isa, ba sai an kai ga sara ba. Reshen da ya mutu, ko wanda kauci ya kama, ko wanda ya miƙa kan rufi, a yanke shi da zarto dab da wuyansa, ba tare da an bar kututture ko an yagi ɓawon gindi ba. Darbejiya tana jure sassabe sosai. Amma wanda ya guntule kanta gaba ɗaya ya sani tohon da zai fito ba shi da ƙarfin mahaɗi irin na reshen asali, tilas a riƙa rage shi bayan 'yan shekaru.

Kwakwar Attagara ita hukuncinta dabam ne. Akwai wata cuta da aka fara gani cikin 1932 kusa da garin Keta, gabas da Ankara, wadda ta hallaka kwakwa mai yawa a bakin tekun Gana. 'Ya'ya su kan zube tun ba su nuna ba, furen ya yi baƙi, ganyen ƙasa ya yi rawaya, abin ya yi ta hawa, cikin 'yan watanni kan ya faɗo, a bar gindi tsaye kamar turken waya. Wanda ya ga wannan kada ya tsaya neman magani. A sare nan da nan a ƙone ganyen, domin kada ta bazu ga na maƙwabta.

Saura lokacin yin aikin. A Ankara damina biyu ce, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Oktoba. Hadarin farkon damina shi ke zuwa da iska mai ƙarfi, ga ƙasar da ta bushe ta jiƙe farat ɗaya ta yi laushi, a nan ne itatuwa suka fi faɗuwa. Don haka a duba itace cikin Disamba, a gama sara cikin Janairu ko Fabrairu. Rigakafi ya fi magani.

Kafin a sa gatari, a nemi izini, gama a Ankara ba a sare babban itace sai da yardar hukuma. A gaya wa maƙwabta su kau da yara da dabbobi. In itacen yana kan iyaka, a yi shawara tun da wuri a kan kuɗin aiki da rabon itacen wuta, don ƙaramar magana irin wannan ta sha raba zumunci. In akwai wayar lantarki kusa, kada kowa ya hau sai ma'aikatan lantarki sun zo sun kashe wuta. A nemi gwanin da ya saba, wanda zai sauke rassa ɗaya ɗaya da igiya daga sama, kāna ya rage gindin guntu guntu. Ladansa, ko ya yi tsada, bai kai kuɗin sabon rufi ba, balle ran mutum. Kututturen darbejiya ya kan sake toho, sai a tone shi, ko a riƙa fizge tohon har ya gaji. Kada a cinna masa wuta kusa da gini.

Mai hangen nesa ba ya jira sai ranar sara ya tuna da inuwa. Da ya ga itacensa ya fara gazawa, sai ya dasa wani a farkon damina, ƙafa 25 ko fiye daga bango in akwai fili, ya kewaye shi saboda awaki, ya riƙa ba shi ruwan wanke-wanke da rani. Darbejiya mai saurin girma ce. Cikin shekara 4 ko 5 ta yi inuwar da za a shimfiɗa tabarma. Ran da tsohon zai sauka, iyali ba za su zauna a rana ba.