Sigar 1^∞ a Ilimin Kalkulas: Misali daga Kasuwar Dawanau

Ɗalibai da dama sukan ɗauka cewa amsar 1^∞ ita ce 1, tun da ɗaya ba ta sauyawa ko sau nawa aka riɓanya ta da kanta. Sai dai a nan tushen ba ɗaya ba ne, kusantar ɗaya yake yi.

A ƙaddara wani ɗan kasuwa a Dawanau ya adana buhu 100 na wake. A kasa lokacin ajiyar kashi n, a kowane kashi ƙwari su cinye 1/n na abin da ya rage. Ragowar ita ce 100(1 − 1/n)^n. Idan n = 2, buhu 25 za su rage; idan 12 ne, kimanin 35.

Domin gano iyakar yayin da n ke ƙaruwa, sai a ɗauki logaridim, a rubuta n·ln(1 − 1/n) a sigar 0/0, sannan ƙa'idar Lopital (1696) ta ba da −1. Ke nan (1 − 1/n)^n tana kusantar 1/e, wato kimanin buhu 37. Amma (1 + 1/n)^n, wadda Bernoulli ya nazarta a 1683, tana kusantar e ≈ 2.718. Siga ɗaya, amsa biyu.

Shi ya sa, a ganina, "marar ƙayyadewa" ta fi "marar amsa" dacewa wajen fassara sunan wannan siga.