Daga Falgore Zuwa Randa

Ku sani, 'yan'uwa, ruwan da injinan Tamburawa ke tacewa su turo birnin Kano ya yi doguwar tafiya. Kogin Kano daga duwatsun ƙasar Jos yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore ta wajen Doguwa da Tudun Wada, sa'an nan ya taru a madatsar Tiga, cikin ƙasar Bebeji. An gama ta a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, jama'a ba su ko farfaɗo daga farin 1973 ba, wanda ya karkashe shanu, ya ƙafar da rijiyoyi.

To, ga abin lura. In muka sare itatuwan Falgore don gawayi, ruwan sama ba ya samun abin da zai tsai da shi ya nutse. Sai ya kwashi ƙasa ya zuba cikin Tiga. Duk inda yashi ya kwanta kuwa, mazaunin ruwan da za mu sha da bazara ya cinye.

Saura namu na gida. Mu rufe randa, mu gyara famfo mai ɗiga. Ruwan wankin shinkafa kuwa mu ba shuka, ko da zogale guda ne a bayan ɗaki.