Kujerar Jama'a a Caji Ofis: Magana ga Mutanen Masaka

Mazaunin Masaka idan ya je gida hutun Sallah aka tambaye shi inda yake zaune, Abuja zai ce. Bai yi ƙarya can-can ba, domin a can yake neman abinci, a can yake wuni, kwana ne kawai ke dawo da shi. Amma a wurin hukuma Masaka tana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa. Da zarar mota ta wuce Nyanya ta shiga Mararraba, an bar Birnin Tarayya a baya. Wannan iyaka ba ta damun kowa sai ranar da aka fasa masa shago ko aka tafi da ɗansa. Ranar ce zai gane cewa 'yan sandan da maganarsa ke hannunsu ba kwamishinan Abuja suke yi wa aiki ba, nasu kwamishinan yana Lafiya. Na sha ganin mutum ya yi asubanci da takardar koke, ya sha cunkoson Mararraba har ya isa Garki, a ce masa ya koma, ba huruminsu ba ne.

Ni lauya ce, kuma yawancin aikina a wannan hanya ta Abuja zuwa Keffi a bakin kanta nake yin sa, tun kafin magana ta kai gaban alƙali. Waya takan shigo bayan isha'i: "Barista, an tafi da yaro." Sai in tambayi wane ofis aka kai shi, ƙarfe nawa aka kama shi, wa ya gani da idonsa. Da wuya in samu amsar ko da biyu daga ciki.

Wanda bai taɓa zama a bencin caji ofis ba, ga abin da zai tarar. Mata a jere da kulolin abinci a cinya, kowace tana jiran a kira ta ta ɗanɗana tuwon a gaban ɗan sanda kafin a miƙa ciki. A bayan kanta an tara silifas da bel da wayoyin waɗanda aka rufe. A jikin bango akwai allo mai ɗauke da sunaye, da laifin da ake zargi, da ranar da aka kawo mutum. Da na gama gaisawa, allon nan nake fara dubawa, domin kwanan watan da ke gefen suna shi ne rabin shari'ar. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce, in ba a kan babban laifi mai hukuncin kisa ba, a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Daga Mararraba har Keffi babu ofishin da zai ce kotu ta yi masa nisa.

Akwai ranar da aka kira ni wani ofis da ba zan faɗi sunansa ba. Wani matashi ne ya karɓi keke napep bashi yana biya mako-mako, biya ya gagara, ya gudu garinsu. Mai keke ya kai ƙara. Aka je gidan hayarsu ba a same shi ba, sai aka ɗauko ƙaninsa, ɗan sakandare, aka ce ya zauna har yayan ya bayyana. Na isa na tarar da uwar a benci, ga dattawan unguwa biyu, ɗayansu ma ɗan kwamitin hulɗa da 'yan sanda ne, suna ta kai da kawo tsakaninta da ɗan sanda mai bincike. Kuɗin beli suke sasantawa. An yanka wani adadi, su kuma suna roƙon a rage, kuma da zuciya ɗaya suke yi, taimako ne ya kawo su. Na nemi ganin DPO, muka gaisa, na buɗe masa Dokar 'Yan Sanda ta 2020. Sashe na 36 ya hana a kama wani a madadin wani. Sashe na 32 kuma ya hana a kama mutum don bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Bai yi musu ba. Ya sa aka fito da yaron ba tare da an biya ko sisi ba, ya kuma shawarci mai keke ya nufi kotu.

Dattawan nan biyu su suka tsaya mini a rai har yau. An ɗora su ne don su sa ido, sai rashin sanin doka ya mai da su masu neman ragi. Duk dattijon da ya roƙi a rage kuɗin beli ya amince ke nan cewa akwai kuɗin beli, alhali ga takarda manne a bangon ofisoshi da yawa tana shelar cewa beli kyauta ne. Da sun san waɗannan sassa biyu, da tun da yamma yaron ya koma gida, ba sai an nemo lauya ba.

Kujerar da ɗayansu yake kai ba sabuwa ba ce. Kwamitin hulɗa tsakanin 'yan sanda da jama'a, wanda aka fi sani da PCRC, tun 1984 aka kafa shi. Dokar 'Yan Sanda da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1943, ta ƙara wa abin ƙarfi. Daga sashe na 113 ta ɗora wa kwamishinan kowace jiha nauyin kafa kwamitocin tsaron al'umma har zuwa matakin ofishin DPO, da wakilan 'yan sanda da na mutanen gari, kuma cikin ayyukansu akwai tabbatar da cewa 'yan sanda suna aiki a fili, suna ba da ba'asi ga jama'ar da suke yi wa hidima. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 13.3 don fara shirin 'yan sandan al'umma. Makonni kaɗan bayan sa hannun, zanga-zangar EndSARS ta ɓarke, aka rusa SARS ranar 11 ga Oktoba. Da ofisoshi suna da masu sa ido na gaske a unguwanni, ina da yaƙinin abin bai kai ga haka ba.

To, yaya ake cika wannan kujera a gari irin namu? Na halarci tarukan kwamitoci a wannan yanki, kuma abin da nake gani kusan iri ɗaya ne. Ana sa taro ranar aiki da hantsi, lokacin da mutanen gari suka riga suka tsallaka Abuja tun kiran sallar farko. Waɗanda ke zuwa su ne masu gidaje, masu otal, masu gidan mai, da 'yan fansho. Magana kuma ba ta wuce man motar sintiri, da taya, da gyaran janareta. Ban ga laifin wannan ba, domin rashin kayan aiki gaskiya ne. Na ga DPO da ya sayi mai daga aljihunsa, na ga mai bincike da ya aika a sayo masa takarda da biro kafin ya rubuta bayanin mai ƙara. Sai dai motar sintiri takan fi sanin layin wanda ya zuba mata mai. Shi kuwa ɗan haya mai ɗaki ɗaya, da ɗan acaɓa, da ɗan garuwa, da mai bola jari, da mai shayi a bakin titi, su ne ake kwashewa idan an fita kamen kan mai uwa da wabi, kuma babu ko ɗayansu a ɗakin taron. Da yawansu yaranmu ne da suka zo ci-rani daga Kano da Katsina da Zamfara, har da Maraɗi, ba su da wanda zai tsaya musu a garin. Mata ma da wuya ka gan su, alhali su ne ke cika benci da kula a hannu. Har yanzu akwai inda ake cewa mace ba ta karɓar beli, duk da cewa dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta fito ƙarara ta ce ba a hana mutum tsaya wa wani don kawai mace ce.

Kwamitin da ya tara kuɗin mai yana da haƙƙin tambaya, kuma tambayar ba rashin kunya ba ce. Ranka ya daɗe, mutum nawa ne a rufe yau da suka wuce kwana ɗaya? Samamen makon jiya mutum nawa aka kwaso, nawa aka kai kotu, nawa aka saki, kuma an karɓi wani abu a hannunsu? Wadda na fi so a riƙa yi ita ce: yaushe rabon majistare da wannan ofis? Mutane ƙalilan ne suka san cewa sashe na 70 na dokar 2020 ya wajabta wa babban majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sanda da ke yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kame, ya ba da beli inda ya dace, ko ya ce a gurfanar da mutum. Inda ake yin wannan ziyara a kai a kai, ɗakin tsarewa kan ragu tun jajibirin zuwansa. Inda aka daina, babu mai tunatarwa sai jama'a. Wasiƙa ɗaya daga kwamiti zuwa kotun majistare, da kwafi ga reshen ƙungiyar lauyoyi mafi kusa, tana iya dawo da ita. DPO mai gaskiya ba ya gudun irin waɗannan tambayoyi. Waɗanda na sani ma daɗi suke ji, domin suna taimaka musu wajen riƙe yaransu.

Sa ido bai tsaya a kan masu kaki ba. Kusan kowane layi a Masaka da Ado da Kuchikau yana da 'yan sintirin da ake biya daga kuɗin da kowane gida ke bayarwa a wata. Ba don su ba da barci ya gagari mutane da yawa. Amma mutum nawa ne a layinku suka san cikakkun sunayensu, da wanda ya tsaya musu, da abin da aka yarje musu su riƙe? Doka ta yarda ɗan ƙasa ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ba ta yarda a ɗaure shi a jikin falwaya har gari ya waye ba, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta rufe ƙofar dukan mutum don ya amsa laifi. Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 bai kamata ya fita daga zukatanmu ba: mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, 'yan sintiri suka tare motarsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a ya hallaka su. Mu ma baƙi ne a idon wani, kuma akwai baƙi a layinmu. Wanda ke biyan kuɗin sintiri yana da hannu a abin da ɗan sintiri ya yi da sandarsa.

Masu cewa maganin komai shi ne a mayar da 'yan sanda hannun jiha ko unguwa, su tuna da 'yan doka na zamanin En'e. Kowa ya san gidajensu da iyayensu, amma wannan bai hana a yi amfani da su a kan 'yan NEPU ba. Kusanci da jama'a yana da amfani, sai dai ba ya maye gurbin wanda zai tambaya a ba shi amsa.

Idan an zalunce ka, riƙe abin da za a iya aiki da shi: sunan da ke ƙirjin ɗan sandan, lambar mota, rana da lokaci, da sunan ofis. In an tilasta maka tura kuɗi ta waya ko ta mai POS, kada ka goge saƙon banki, kada ka yar da rasit, domin ya fi shaidu goma ƙarfi. Rundunar tana da sashen karɓar koke da aka buɗe a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase. Akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda mai ikon ladabtarwa, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da hedikwatarta ke Maitama. Waɗannan na ƙasa baki ɗaya ne, iyakar Nyanya ba ta shafe su ba. Mai gudun kai rahoton ɓarawo don tsoron kada sunansa ya fita, shi ma kwamiti mai rai ne zai raba shi da wannan fargaba, domin bayani zai bi ta hannun mai unguwa ko liman ko fasto, ba sai an ga ƙafarsa a ofis ba.

Roƙona ga limamai da fastoci, da sarakunan Hausawa, da shugabannin 'yan acaɓa da na 'yan keke, da ƙungiyoyin matan kasuwa, shi ne ku haɗa mutum uku ko huɗu ku je wurin DPO na yankinku. Ku tambayi su wane ne 'yan kwamiti, yaushe suke zama, kuma yaya aka zaɓe su. Ku nemi a mayar da taron ranar Asabar bayan la'asar, lokacin da ma'aikatan Abuja suke gida, a kuma ware kujera ga 'yan haya, da mata, da matasa masu sana'ar titi. In aka ce babu kwamiti, ko ya daɗe bai zauna ba, ku rubuta wa kwamishina a Lafiya kuna ambaton sashe na 113, ku aika kwafi ga shugaban Ƙaramar Hukumar Karu da fadar Esu Karu. Duk inda kuka miƙa takarda, ku sa a buga muku hatimi da kwanan wata a kan kwafinku kafin ku bar wurin.