Darasi Na Goma Sha Biyu: Hasashen Yanayi da Manomin Karshi

Ɗalibi, ka taɓa jin an sanar a rediyo cewa za a yi ruwa, amma aka wuni rana na ƙwallewa? Wannan darasi zai bayyana maka dalili.

Karshi gari ne na manoma a Yankin Babban Birnin Tarayya, kusa da iyakar Jihar Nasarawa. Ana noman doya da masara da dawa da rogo. Damina takan fara wajen watan Afrilu, ta ƙare a Oktoba. Babbar damuwar manomi ita ce ranar shuka. Idan ruwan farko ya ruɗe shi ya yi shuka, sannan ruwa ya ɗauke, sai iri ya ƙone, wahalarsa ta tashi a banza.

Hukumar da ke hasashen yanayi a Nijeriya ita ce NiMet, wadda doka ta kafa a shekarar 2003. Ma'aikatanta suna auna zafi da danshi da ƙarfin iska, suna duba hotunan tauraron ɗan'adam, sannan kwamfuta ta yi lissafi. A farkon kowace shekara sukan fitar da hasashen damina.

To, me ya sa hasashe yake kuskurewa? Na farko, ba a kowane ƙauye ake da tashar awo ba. Na biyu, yawancin ruwan yankinmu na hadari ne, wanda yakan haɗu cikin 'yan sa'o'i ya zuba a wuri ƙanƙane. Ana iya sheƙa ruwa a Karshi, alhali ko ɗigo bai sauka a Nyanya ba. Na uku, a shekarar 1963 wani masani ɗan Amurka, Edward Lorenz, ya nuna cewa ɗan kuskure a awon yau yakan girma kullum har ya ɓata lissafi. Saboda haka hasashen gobe ya fi na mako mai zuwa inganci, kuma bayan kimanin mako biyu da wuya a iya faɗin yanayin wata rana takamaimai.

Kada wannan ya sa ka yi watsi da hasashe. Idan aka ce yiwuwar ruwa kashi 70 cikin ɗari ce, ana nufin a cikin ranaku goma masu irin wannan alama, bakwai za a yi ruwa, uku ba za a yi ba. Manomi mai hikima yakan saurari hasashe, ya dubi gabas inda hadari ke tasowa, ya tona ƙasa ya ga zurfin danshi, kuma ya ajiye ragowar iri. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi
1. Wane haɗari ke tattare da ruwan farko?
2. Kawo dalilai biyu da ke sa hasashe ya kuskure.
3. Bayyana ma'anar karin maganar da ta rufe darasin.