Yadda Za Ka Tare Masu Ɓoye Kansu Daga Shafinka Ba Tare Da Ka Kori Masu Karatu Ba

Idan kana da shafi a kan WordPress, wataƙila ka taɓa ganin ana ta gwada kalmar sirri a ƙofar shigarka, ko an cika maka wurin sharhi da tallan banza. Wasu daga cikin masu wannan aiki ta Tor suke biyowa don kada a gane su. A darasinmu na yau za mu ga yadda ake tare su.

Mene ne Tor?

Tor hanya ce ta ɓoye adireshin IP. An fara sakin manhajar a 2002, kuma tun 2006 ƙungiyar Tor Project ce ke kula da ita. Saƙon mai amfani da ita yana ratsa kwamfutoci 3 kafin ya iso shafinka. Sabar da ke ɗauke da shafin ba ta ganin adireshin mutumin, sai na kwamfuta ta ƙarshe, wato ƙofar fita.

Tor Project da kanta take wallafa jerin waɗannan ƙofofi a check.torproject.org/torbulkexitlist, shi ya sa tare su bai da wuya.

Kafin ka rufe ƙofa

Ba duk mai ɓoye kansa ne mugu ba. 'Yan jarida da mutanen da aka toshe wa intanet a ƙasashensu suna amfani da Tor. Don irinsu ne Facebook ya buɗe adireshinsa na Tor a 2014, BBC kuma a 2019.

Mu ɗauki darasi daga Wikipedia: tana barin mai Tor ya karanta, amma tana hana shi gyara rubutu. Kai ma ka yi haka. Bar karatu a buɗe, ka kulle wurin da ake ɓarna.

Hanya ta 1: Cloudflare

Wannan ta fi sauƙi, kuma da wayarka ma za ka iya. Cloudflare na ɗaukar Tor tamkar wata ƙasa mai lamba T1.

1. Haɗa shafinka da Cloudflare, tsarin kyauta ya wadatar.
2. Shiga sashen Security, ka ƙirƙiri sabuwar doka.
3. A Country zaɓi Tor.
4. Ƙara sharaɗi: URI Path ya ƙunshi /wp-login.php.
5. A matakin da za a ɗauka zaɓi Block, sannan ka adana.

Wurin sharhi kuwa, yi wata dokar da /wp-comments-post.php.

Hanya ta 2: a kan sabar

Idan hostin ɗinka na da cPanel, akwai IP Blocker inda za ka zuba adireshi. Sai dai yana hana shiga shafin gaba ɗaya, har da karatu. Haka kuma jerin ƙofofin Tor yana canzawa kullum, don haka wanda ka kwafa yau zai tsufa nan da 'yan kwanaki. Masu sabar tasu sukan saita cron ya riƙa sauko da sabon jeri da kansa.

A yi hattara

Kada ka haɗa da VPN ka toshe duka. Lokacin da aka dakatar da Twitter a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, matasa da yawa sun saba da VPN, wasu har yau a kunne yake a wayarsu.

Sannan kamfanonin layin waya sukan raba adireshin IP ɗaya ga mutane masu yawa. Ka toshe ɗaya saboda mutum guda, ka kori waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

A ƙarshe, toshe Tor ba ya maye gurbin kalmar sirri mai ƙarfi da tantancewa mai mataki biyu, domin mai kutse na iya sauya hanya. Bayan ka gama saitin, sauke Tor Browser a wayarka ta Android ka gwada: shafin ya buɗe, ƙofar shiga ta ƙi. Idan ka ga haka, aiki ya yi.